Ƙarafan shingen garka sun ƙi fita, gulbi kuma yana matsowa

Ɗan Garka:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu aikin ƙarfe da duk wanda ya taɓa tuge shinge.

Muna da garka wajen Sumarana, kusa da Maradi, a bakin gulbi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya kewaye ta da giriyaji, wato ragar waya, tun ina lakwal. Ƙarafan korniyar ne, wato ƙarfe mai kusurwa, masu lamba 40 (faɗin milimita 40), kowane tsawonsa mita biyu, rabin mita a ƙasa, mita ɗaya da rabi a sama, an huhhuda su wuri uku inda waya ke bi. To gulbi ya fara cin gaɓa ta wajenmu. Bara ya tafi da gwaba biyu da ƙarfe huɗu har da ragarsu. Layin da ke kallon ruwa yanzu ƙarfe 23 ne, wani wurin tsakaninsa da gaɓa bai kai taku biyar ba. In na bar shi haka har ruwa ya zo, sai dai in je Gidan Rumji, can inda gulbin ke gangarawa, in tambayi labarinsa.

So nake in tuge su lafiyarsu lau, in ja shingen baya wajen mangwarorin, in sake kafawa. Maganar sayen sababbi ba ta ma taso ba. Duk wanda ya leƙa wajen masu sayar da ƙarfe tun da kaya suka daina shigowa ta Kwatano yadda aka saba, ya san abin da nake nufi. Sanda ɗaya mita shida ce, ƙarfe uku kawai take bayarwa, ka ga maganar sanda takwas ake, ban da siminti, ban da ladan mai yanka da huda. Ga shi kuma ƙarfen da tsoho ya saya ya fi wanda nake gani a kasuwa yanzu nama.

Ga inda matsalar take. Ƙasar garkar iri biyu ce. Ta sama jigawa ce, can tsoho bai sa siminti ba, bugawa kawai aka yi da guduma. Waɗannan ba su da wuya, an zuba wa ɗaya ruwa an ɗan motsa shi ya zaro. Layin bakin gulbi kuwa baƙar laka ce, kuma kowane ƙarfe an zuba masa kankare. Yanzu da bazarar nan ƙasar ta tsattsage ta bushe ƙamas, diga ma tsalle take yi in an sara. Na ɗauki yara biyu 'yan ƙwadago, muka yi ciniki dala ɗari kowane ƙarfe, na wuce duba injin ban ruwa. Kafin in dawo sun kama na farko suna kai shi gaba suna dawo da shi baya har ya lanƙwashe daga gindi, na biyu kuwa ya karye musu daidai inda ya shiga kankare. Na ce su tsaya haka nan. Shawararsu wai a kawo zarto a yanke duka daidai ƙasa kowa ya huta. To in an yanke me zan kafa? Abin da zai rage mita ɗaya da rabi ne, in na binne rabin mita ragar ta fi ƙarfen tsawo.

Babu wuta a garkar. Akwai injin ban ruwa da tiyo, diga, shebur, dagi, baramin guda (dogon ƙarfen haƙa), da amalanken shanun maƙwabci in na roƙa. Wani abokina yana da tsohuwar akori-kura, ya ce in ina so zai zo. Kuma ba zan iya barin wurin a buɗe ko na dare ɗaya ba, dabbobi a sake suke, zogalen kuma yanzu ya yi ganye.

Wace hanya ce ta fi? Allah ya saka da alheri.

Direban Tasha:

Wa alaikumus salam Yaya. Kai ma da neman wahala kake. Ba ka ce akwai mota ba? Ka nemo sarƙa mai kauri irin ta jan mota, baki ɗaya a ƙarfen, ɗaya a bayan mota, a sa giya ta ɗaya a taka a hankali. Kafin azahar ka gama da su ka sallami yaran. Mun taɓa tuge kututturen bedi haka a hanyar Ɗan Isa, balle ɗan ƙarfen shinge. Sai dai kada kowa ya tsaya kusa da sarƙar in ana ja, in ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta sama.

Mai Walda na Unguwar Zariya:

Malam Ɗan Garka sannu da ƙoƙari, Allah ya jiƙan tsoho. Ƙanena direba, kada ka ji haushi, amma in Malam ya bi ta taka ni ne zan ci riba, don ƙarafan nan duka ni za a kawo wa in miƙar.

Korniyar a tsaye take da ƙarfi. In ka ja ta sama, bisa tsawonta, mai lamba 40 lafiyayya za ta ɗauki tan biyu ko uku ba ta ji ba. In ka ja ta gefe kuwa, duk ƙarfin a wuri guda yake taruwa, a wuyanta, daidai inda ta fito daga kankare. Nan ne kuma tsatsa ta fi ci, don nan ruwan ban ruwa ke kwana, nan taki da fitsarin dabbobi ke taruwa. Abin da ke cikin kankaren sau da yawa lafiya lau za ka tarar da shi, na sama ma da sauƙi, wuyan ne ya siranta. Abin da yaranka suka yi kuwa, ai haka ake karya waya in babu filaya: a kai ta gaba a dawo da ita baya har ta gaji. Mota ma jan gefe ne, sai dai ita ba ta jin lokacin da ƙarfe ya fara ba da kai.

Kafin komai a kwance ragar. A yanke 'yan wayoyin da suka ɗaure ta da ƙarfe, a sassauta manyan wayoyi ukun nan da aka ja, a naɗe ragar tana tsaye. Wayar da ta daɗe a ɗame in aka datse ta farat ɗaya dawowa take yi ta zabgi mutum a fuska, don haka wani ya riƙe ta da filaya kafin a yanke. Tunda ba ka son garka ta kwana a buɗe, ka kwance iya abin da za ku iya tugewa ku kafa a yinin, inda ya rage ɓaraka a toshe da ƙaya.

Sannan ka zaɓi ƙarfe ɗaya, wanda ya karye ɗin ma ya isa tunda ba sauran abin da za a rasa, ka sa yaran su haƙa gefensa har su ga ƙarshen kankaren. Kada ka yanke shawarar komai sai ka ga gindin nan da idonka. Mu masu walda in aka kawo mana korniyar shinge ba ma sakin ta haka sumul. Ko dai mu tsaga ƙarshenta mu baza ɓangarorin biyu, ko mu gicciya guntun rodi mai lamba 8 ko 10 mu liƙa. Don ɓarayi ake yi, kada a zo da dare a zare. In tsoho ya sa an yi haka, ƙarfen nan ba zai rabu da kankarensa a cikin ƙasa ba ko wa ya zo, tare za su fito. In kuwa gindin sumul ne, magini kuma ya yi rowar siminti, ana iya zare ƙarfen a bar kankaren a raminsa. Ka duba siffar kankaren ma. Ramin da aka gina da dagi yakan tsuke a ƙasa, wannan da sauƙi. Wanda ya buɗe a ƙasa ya tsuke a sama shi ne mai taurin kai, sai an haƙa masa hanya.

Ka kuma san nauyin abin da kake kokawa da shi. Ƙarfen kansa bai cika kilo 5 ba. Kankare kuwa, mai mita guda ta kowane ɓangare yana kai kilo 2,300 zuwa 2,400. Ramin da ke da santimita 30 nan, 30 nan, zurfi 50, kankarensa ya haura kilo 100, buhun siminti biyu ke nan da ɗoriya, ga laka ta rungume shi ta ko'ina. Yara biyu da hannu ba za su ɗaga wannan ba ko sun ci tuwon gidan biki.

Hanyar da nake bi ba ta son wuta, ba ta son mai. A nemo azarar giginya lafiyayya, ko sandar turare mai kauri, mita uku. Siririn bututun pampo kada ma a soma, lanƙwashewa zai yi. A nemo kututture ko tsohon turmi a kafa shi rabin mita daga ƙarfen, a kan ƙasa, ba a kan kankaren ba, a shimfiɗa katako a ƙarƙashinsa don kada ya nutse. A ɗora azarar a kai, guntun bakin yana taɓa ƙarfen, dogon bakin yana sama ta wajen tudu. Sai sarƙa. A naɗa ta sau biyu ko uku a ƙarfen can ƙasa-ƙasa, a ɗaura a bakin azarar, a tsuke, kada a bar ta sako-sako. Sarƙa tana son zamewa a kan korniyar, to sai a cusa guntun itace mai tauri a cikin kusurwar, tsakanin ƙarfe da sarƙa, a buga shi da guduma har ta cije. Wanda ka ga wuyansa ya ci sosai, kada a ɗaura a ƙarfen sam. A tone saman kankaren kewaye, a naɗa sarƙar a jikin kankaren kansa.

Lissafin ba wuya. Rabin mita nan, biyu da rabi can, ninki biyar ke nan. Mutum mai kilo 70 in ya rataya a ƙarshen azarar, kilo 350 yake ɗagawa, mutum biyu 700. Sai dai hannunka zai sauka santimita 50, ƙarfe ya tashi 10 kacal, saboda haka ba danna ɗaya ba ce. A danna a riƙe, ban da fizga. Za ka ji ƙasa ta fara ƙara, ka ga siririyar tsaga ta zagaye kankaren, ciyawar wurin ta ɗan ɗago, sai ya motsa. A nan wani ya tura ƙasa da duwatsu ta gefen da aka haƙa su shiga ƙarƙashinsa, da shebur ba da hannu ba, don kada ya koma. A saki a hankali, a rage sarƙa, a ƙara wa turmin tsawo da katako, a sake. Masu danna su tsaya gefen azarar, kada haɓar kowa ta zo saitinta. In aka saki farat ɗaya sama take yi, na ga wanda ta zubar wa haƙora. Kuma duk ƙarfen da za a tuge a fara haƙa gefensa ɗaya ko da rabin zurfi ne, wannan kaɗai yana rage aikin ƙwarai.

Motar abokinka ta zo, amma jak ɗinta muke so, ita ta tsaya can inuwar mangwaro. A gicciya guntuwar azara, baki ɗaya a kan bulo, ɗaya a kan jak, ƙarfen a tsakiya ɗaure da sarƙa, katako mai faɗi a ƙarƙashin jak. Wannan na masu taurin kai ne. In ka ɗora jak a kan kankaren kansa kuwa, ƙarfen kaɗai zai ja yana danne kankaren. In gindin sumul ne madalla, ya zaro tas. In akwai rodi, wuyan ne zai tsinke. Shi ya sa na ce a fara haƙa ɗaya a gani.

Baba na Tibiri (jikana ke rubuta mini):

Salamu alaikum ɗiyana. Mai walda ya hwaɗi gaskiya, ban da abin ƙarawa ga sha'anin ƙarhe. Ni ta ƙasa za ni yi, don cikin hwadamar ga na tsuhwa.

Ɗana, kahin ka sake kai ko shebur wurin, ka sauka cikin gulbi tunda yanzu rairai ne, ka bi ƙarƙashin gaɓarka, ka ɗaga kai ka diba. Ruwa ta ƙasa shike ci. Sai ka ga bisa lahiya lau, haki da ƙarhe tsaye, ƙasa kuwa kogo. In ka ga wurin da ya rarake, kada mota ta matso, kada shanu su matso, kada mutum ukku su taru bisa.

Zancen ruwa kuma, laka ba rairai ba ce. In ka kwarara mata ruwa da injin ka ce yanzu-yanzu za ka ja, bisa ta yi santsi, ƙasa tana nan da taurinta. In kuma ta sha ta ƙoshi, kumbura take yi ta ƙara riƙe abin, har ka ji tana tsotsa tai. Yadda munka saba, da marece a yi ɗan gurbi kewaye da kankaren, a bi tsagogin da dagi, a zuba bokiti biyu ko ukku, a bari ta kwana. Da asuba ta yi taushi, diga na shiga, ba ta kama ƙahwa. Kusa da gaɓa kuwa a rage ruwan, kada kai da hannunka ka taya gulbi aiki.

Ga wata da ban ji kowa ya hwaɗa maka ba. In sun hito da kankarensu, mi za ya sa ka hwasa? Siminti ne tsohonka ya saya da kuɗinai. Ka gina rami da ya ɗan hi shi hwaɗi, a mirgina shi bisa katako ko a aza ga amalanke, a sauke cikin rami, a ja igiya a daidaita layi, a riƙa maida ƙasa kaɗan-kaɗan ana dannawa da gindin baramin. Ba ka sayi ko buhu guda ba, kuma ranar za ka ja ragarka, ba jiran kankare ya sha iska.

Ta ƙarshe ita ta hi nauyi. Gulbin ga ba ya zama wuri guda. Iyayenmu sun ba mu labarin ruwan 1945 da ya ci tsohon Maradi har anka tada gari anka maido shi bisa tudu. Yau shina ci wajenka, wata shekara ya juya ya aje maka ƙasa. Ran da ya aje, ta wa ce? Duk wanda ya ga shinge ya ja baya cewa za ya yi iyakarka ke nan. Na ga zumunci ya ɓaci bisa abin da bai kai wannan ba. Kahin ka taɓa ƙarahan kusurwa ka kira maƙwabtanka na dama da na hagu, ka shaida ma maigari. Kwamitin hilaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, maigari ke shugabantar na ƙauye. Su tsaya su gani, a rubuta, kowa ya sa hannu. Sannan ka sari aguwa ka dasa bisa tsohon layin, yanzu ne lokacinta kahin ruwa ya sauka, ka bi bayanta da gamba in damana ta kama. Ta riƙe ƙasa gwargwadon iyawarta, ta kuma tsaya maka shaida.

Ɗan Garka:

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, a gaida jika. Malam mai walda, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ƙanena direba, kai ma na gode.

An haƙa wanda ya karye. Yadda ka faɗa haka yake: guntun rodi a gicciye, har ya leƙo ta gefen kankaren. Sa'ar da aka yi kankaren ya tsuke a ƙasa. Na samo azara daga tsohon zauren gidanmu da ya rushe, turmi kuma na karɓo wajen Inna bayan dogon bayani, don ta ce turminta ba na aikin ƙarfe ba ne. Mun bi ta Baba, ruwa da marece, aiki da asuba, kuma suna fitowa. Yaran da suka ga abin ya zo da sauƙi ba su ce a rage kuɗi ba, amma da aka zo mirgina kankare zuwa sabon rami nan take suka ce wannan ba ya cikin ciniki. Mun daidaita.

Na sauka cikin gulbi na duba. Baba, akwai kogo, ƙarƙashin ƙarfe uku na tsakiya, mutum zai iya tsugunawa a ciki. Ban bari kowa ya hau wurin ba. Maigari kuma ya ce zai zo bayan Juma'a.

Saura tambaya. Cikin waɗanda suka fito akwai masu siririn wuya, in na ƙwanƙwasa tsatsa na zuba ɓawo-ɓawo. In kafa su haka, ko yaya? Ga wanda ya lanƙwashe da wanda ya karye. Na kusurwa kuma kowane da tokara biyu, su ma a cikin kankare. Sai ukun nan na kan kogo, raina bai so in bar su. Af, ɗaya daga cikin yaran tsohuwar waya ta soke shi a tafin ƙafa ta cikin silifas, ya ce ba komai, ya shafa toka ya ci gaba.

Maman Biyu:

Malam, ni ma'aikaciyar likita ce, saboda layinka na ƙarshe na shigo. Don Allah a kai yaron nan likita yau, kada a jira gobe. Ƙwayar tetanos a cikin ƙasa take zaune da kashin dabbobi, garka kuwa ba abin da ta fi su. Ciwon da ya fi ba mu tsoro shi ne irin wannan, ɗan ƙaramin baki mai zurfi, wanda bai yi jini sosai ba, don can ciki inda iska ba ta kai ne take yaɗuwa. Toka ba ta kashe ta, rufe bakin ciwon kawai take yi. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, a je a duba shi a yi masa allura. Mu mata muna samun rigakafin wajen awon ciki, maza kuwa da yawa rabonsu da ita tun suna goye, in ma an yi. Ciwon ba ya nunawa ranar, sai bayan kwanaki a ga baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, a lokacin kuma magani ya yi wuya ya yi tsada.

Ka sa su sa takalmi rufaffe, a kuma tsince guntayen wayar da ake yankewa a tara a gwangwani, saboda yara da shanu. Da zafin nan kuma in rana ta take a tashi.

Direban Tasha:

To na ji, na janye maganar jan gefe, tunda manya sun taru a kaina. Amma Yaya, ukun nan na kan kogo fa, nan ne motar za ta yi rana. Ka nemo tsohon janti na babbar mota, ka tsayar da shi a jikin ƙarfen ta wajen tudu, ka ɗaura sarƙa a gindin ƙarfen, ka haye da ita ta saman jantin, ta bi ramin tsakiyarsa inda taya ke zama, sannan ta miƙa zuwa mota. In mota ta ja, jantin na juyawa, ƙarfen sama yake yi ba gefe ba. A haɗa sarƙa da doguwar igiyar jan mota don motar ta tsaya nesa da gaɓa, kowa kuma ya koma gefe. Maigida mai walda, wannan fa?

Mai Walda na Unguwar Zariya:

Wannan kam ka kawo magana, ƙanena. Jantin yana aiki, in dai ya fi inda aka ɗaura sarƙar tsawo kuma an sa masa katako a ƙasa. Mutum ɗaya mara nauyi ya je ya ɗaura, da igiya a ƙugunsa wasu na riƙe daga tudu, ya dawo kafin a taka mota. A kuma ɗaure kan ƙarfen da wata igiya a jikin bishiya, ko gaɓar ta zube ba a rasa shi ba. In sun ɗan lanƙwashe ba komai, ana miƙarwa. Amma Malam, in ka ga gaɓar ta riga ta tsage ta sama, ka bar su, sanda ɗaya ce ta mita shida, ba ta kai a binne ɗan mutane a kanta ba. Kuma ka ji maganar Maman Biyu kafin tawa.

Masu siririn wuya: ka kankare tsatsar da guduma da burushin waya har ka ga farin ƙarfe. Asalin kaurinta milimita 4 ne ko kusa. In abin da ya rage bai kai rabi ba, sai an yi ɗori, in ba haka ba ranar da sa ya jingina da ragar nan zai karye. Waɗannan su ne za a fasa wa kankare. A kwantar da shi a wuri mai tauri, a tallafi kan ƙarfen da bulo kada ya yi lilo, a riƙa dukan kankaren, ba ƙarfen ba, da babbar guduma, bisa layin da ƙarfen ya bi a ciki. In ya ƙi, a sa cizal a saman, a cikin kusurwar korniyar. Yakan rabe biyu. Kankaren ginshiƙi buhu bakwai na siminti ake sa wa mai mita guda ta kowane ɓangare, na shinge kuwa da wuya magini ya kai haka, don haka ba zai ba ku wuya sosai ba. Mai duka ya sa tabarau, ɓarɓashin yana neman ido.

Ɗorin kuma guntuwar korniyar ce ta santimita 30, a kwantar da ita a cikin kusurwar ta haye wuyan, rabi sama rabi ƙasa, a bi gefunan biyu da walda. Haka za a yi wa wanda ya karye. Wanda ya lanƙwashe, in gantsarewa kawai ya yi, a miƙar da shi da sanyi a kan maƙera. In ya naɗe har gefen ya tattare, a yanke wurin a yi ɗori, don ko an miƙar nan zai sake ba da kai. Duka, har da waɗanda ka riga ka kafa, a shafa wa wuyan jan fentin hana tsatsa, a bi da kwalta, a ɗan tada siminti kewaye da shi ya gangara waje don ruwa ya daina kwana.

Na kusurwa su ne na ƙarshe, bayan maigari ya zo. A fara raba tokarar da uwar: in noti ne a jiƙa shi da baƙin mai tun dare, in walda ce a sa zarton ƙarfe. Daga nan kowane a tuge shi shi kaɗai. Tokara a karkace take shiga ƙasa, saboda haka a haƙa ta sosai a ja ta bisa karkatarta, in ka ɗaga ta sama tsaye ka koma jan gefe. Kankaren uwar yakan fi na sauran girma, nan ne za ka so jak. Kuma in za ka kai su wajen mai walda, ka ce masa kada ya cire guntun rodin gindin, da shi za a sake zuba kankare.